Babban Direba da Jan Mai

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan motar ofis, kuma duk wanda ya zauna da shi na minti biyar sai ya ji wannan adadin, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Babban Direba ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan ranar da ofishin ya ɗauki direba na biyu, wani bawan Allah da bai cika wata shida ba ya ajiye aikin saboda iyayin mutumin nan. Tun daga ranar shi kaɗai ne direba a wurin, amma “babban” bai sauka ba.

Aikin nasa kuwa, in gaskiya za a faɗa, goge mota ne da jira. Da safe ya ɗauko farin hankici ya bi jikin mota yana huci yana murzawa, ya fesa turare a kujeru, ya kai maigida inda za shi, ya kwantar da kujera ya yi ta barci har a fito. Motocin da ya riƙe duk irin na manya ne, masu canza giya da kansu. In lokacin gyara ya yi sai ya kai kamfani, a ba shi kujera a ɗaki mai sanyi, ya riƙa leƙen masu aiki ta gilashi. Bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ba, farar rigarsa ba ta san ɗigon baƙin mai ba. Amma je ka same shi a bakin kanti da yamma in ana hirar mota, ka sha kuri. Wai shi tari ɗaya inji zai yi ya san ciwonsa. Wai makanikai ƙazamai ne, ban da guduma da tsumma ba abin da suka sani. Alhali duk iliminsa abin da ya hango ta gilashin nan ne, kuma abu guda ya riƙe gam: ya sha ganin ana ɗura wa giyar motar maigida wani jan mai, garai-garai kamar lemon kwalba, ba kauri ba wari. Ya ajiye a ransa cewa wannan shi ne man giya na manya.

Da aka yi masa ritaya aka karɓe makulli, sai ga Babban Direba a ƙasa. Wata takwas yana yawo da zoben makullin ofis a yatsa, yana kaɗa shi, ba komai a jiki sai abin yanke farce. Matarsa ta gaji da ganinsa a tsakar gida yana gyara mata yadda ake shanya. Hirar bakin kanti ma ta fara yi masa ɗaci, don da ya ɗauko labarin mota sai wani ya tambaye shi ina ya ajiye tasa.

Ƙanwarsa ce ta fid da shi. Ita ce autarsu, shi yana ce mata Auta, unguwa kuma na ce mata Uwar Kaji. Mijinta ya rasu ya bar mata yara da ɗakin kaji a bayan gida da wata tsohuwar akori-kura mai ruwan toka, da ita ake kai ƙwai kantuna da gidajen burodi kowace safiya. Motar nan ita ce riƙe da gidan. Ranar da ba ta fita ba ƙwai ya kwana, in ya kwana biyu masu saye su nemi wani, kuma in sun samu ba su cika dawowa ba. Da direbanta ya samu aikin babbar mota ya tafi, sai ta ɗauko makulli ta zo gidan yayanta, ta durƙusa ta ce ya taimaka mata. Ita ce mai taimakon, kowa ya sani, amma ta tsara maganar yadda ba zai ji nauyi ba. Shi kuwa ya sha mur, ya ce zai duba ya gani ko yana da lokaci. Yana faɗar haka makullin na cikin tafin hannunsa, ya damƙe.

Ya raina motar tun ranar farko. Mako guda ya yi tana mutu masa a mahaɗar hanya, don ƙafarsa ta manta kuloci, ya ce kulocin ne ba shi da tarbiyya. Amma makullin fa, yana sonsa kamar ransa. Ya zura shi a zoben ofis, ya koma bakin kanti yana kaɗawa da ƙarfi yadda kowa zai ji akwai abin da ke ƙara. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, ranar da za a sake cewa ya miƙo makulli.

To, a ƙarƙashin motar, tsakanin tayoyin baya, akwai wani dunƙulen ƙarfe mai kama da tulu, shi ke raba wa tayoyin ƙarfi. Aksul masu gyara ke ce masa. Tun mijin Auta na da rai mutum ɗaya ke taɓa shi, wani gajeren makanike da ke da rumfar kwano a bayan injin yanka katako. Malam Shiru ake ce masa, don in ya yi maka magana goma a rana ka ci sa'a. Man da yake zubawa a aksul ɗin lamba casa'in ne, mai kauri kamar zuma, mai warin baragurbi. Motar kuma ta tsufa, bakin aksul na ɗan tsattsafowa, in an yi doguwar tafiya ƙarfen ya ɗau zafi sai warin ya taso. Malam Shiru ya ce a bar shi, tsattsafin bai kai a damu ba, zai riƙa dubawa.

Wata safiya a ƙofar gidan burodi hankicin Babban Direba ya faɗi a bayan mota. Ya sunkuya ya ɗauka, hannun rigarsa ya gogi aksul bai sani ba. Yana shiga ciki da kiret ɗin farko, matar da ke karɓar kaya ta yamutsa fuska ta ce akwai ruɓaɓɓe a ciki. Aka sauke, aka bi ƙwai ɗaya bayan ɗaya ana shinshinawa, duk lafiya lau. Can wata mai kwaɓa fulawa ta ce ai warin daga jikin baba yake fitowa. Gidan burodi ya ɗauki dariya. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana ƙamshin turaren manya, yau shi ake shinshina a gaban mata. Ya fito kunnuwansa na zafi, ya rantse a ransa sai ya raba motar nan da man ƙazamai.

Bai gaya wa Auta ba. Ya tsallaka can wancan gefen gari inda ba wanda ya san shi, ya tsaya wajen wani mai juye, irin masu canza wa mota baƙin mai, a gefen gidan mai. Ya bi kwalabe da ido har ya hango ja, ya nuna da baki, ya ce a zubar da abin da ke cikin aksul a ɗura wannan. Mai juye ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya yi masa bayani a hankali cewa wannan na giya mai canza kanta ne, ba shi da jiki. Haƙoran aksul gugar juna suke da ƙarfin tsiya, in ba mai kauri a tsakaninsu cin juna za su yi, kuma warin nan da yake ƙi shi ne maganin da ke cikin man.

Babban Direba ya kalle shi tun daga silifas har hula. “Kai, shekara nawa ka yi kana jan mota?”

“Ni ba na jan mota, baba. Mai nake zubawa.”

“To zuba.”

Mai juye ya ɗaga kafaɗa, ya shiga ƙarƙashi, ya kwance noti, ya tsiyaye mai lafiyayye a daro, ya ɗura ja. Da zai fito ya ce shi dai ya faɗa. Babban Direba ya yi tsaki ya ja mota.

Mako uku ba wari. Ya riƙa cewa a bakin kanti ya koya wa wata mota tsabta, in aka tambaye shi yaya sai ya yi murmushi ya kaɗa makulli. Jira yake ranar da Auta za ta lura da kanta, ya bayyana mata sirrin, ta yi ta godiya.

Abin da ya zo a maimakon godiya kuka ne. Siriri, daga bayan mota, wiii, kamar sauro a ɗaki. Ba kullum ba. Sai mota na da kaya, an shiga giya ta huɗu, maleji ya doshi sittin, ƙafa na kan totur. Da ya ɗaga ƙafa sai ya ɗauke ɗif, da ya mayar sai ya dawo. Shi ya fara ji. Wawa ne, amma wautarsa ba ta kai ya kasa haɗa wannan da wancan ba. Maganar mai juye ta dawo masa tar, haƙora za su ci juna. Mai hankali a nan zai juya kan mota ya nufi rumfar Malam Shiru ya faɗi abin da ya yi, a yi masa dariyar kwana biyu a manta. Babban Direba hannu ya miƙa ya ƙure rediyo.

Auta na bin sa rabon ƙwai sau uku a mako. Matar da ke shiga ɗakin kaji ta tsaya shiru ta ce akwai ɗaya mai mura a can kusurwa, ita za a ɓoye wa kuka da rediyo? Ta rage muryar rediyon ta tambaya. Ya ce taya ce. Aka je wajen mai faci aka mayar da na gaba baya, na baya gaba, kuka na nan. Ya ce kwalta ce, yanzu ba a iya yin hanya ba. Suka bi sabuwar hanya mai santsi, suka bi ta tsakuwa, kukan bai canza ko kaɗan ba. Ya ce igiyar da ake ɗaure kiret ce iska ke kaɗawa. Auta ta sauka da kanta ta sake ɗaurin, ta cusa bakin igiyar a ƙarƙashi. Da suka hau hanya sauron ya dawo, kuma yanzu ya yi ƙiba. Ta ce, Yaya, gobe in mun gama rabo mu biya wajen Malam Shiru. A hankali ta faɗa, amma ba tambaya ba ce.

Malam Shiru yana da yadda yake sauraron mota, kuma duk masu akori-kura a yankin sun san shi da shi. Ba ya yarda da abin da direba ya ce ya ji. Hawa bayan mota yake, ya shimfiɗa buhu, ya kwanta ya manna kunne a ƙarfen daidai saitin aksul, sanda a hannu, mai mota ya ja. In ya buga bayan gidan direba sau ɗaya, a taka totur. Sau biyu, a ɗaga ƙafa. Sau uku, a sa a firi mota ta gangara da kanta. Da haka yake rarrabe su. Kukan taya yana bin hanya, in kwalta ta canza shi ma ya canza, ba ruwansa da totur. Kukan boris, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, a kwana yake tonuwa, ya ƙaru in an karya hagu, ya ragu in an karya dama, ko akasin haka. Amma kukan da ke bin ƙafar direba, ya zo in an taka ya tafi in an ɗaga, wannan daga cikin tulun yake. Aikin yana da sharaɗi guda, wanda bai taɓa zuwa wa Malam Shiru a rai ya faɗa ba, don wa zai kawo motarsa gyara kuma ya yi wa mai gyara ƙarya? Sai ƙafar direba ta faɗi gaskiya.

Suka hau hanyar bayan injin katako, Auta a gefe, Malam Shiru a kwance a baya. Babban Direba ya san inda kukan yake zaune kamar yadda ya san ƙofar gidansa, sai ya yi ta kewaye shi. Ya maƙale a giya ta uku, inji na gunji, maleji bai wuce arba'in ba. Sanda ta bugu sau ɗaya. Ya ɗan shafi totur da babban yatsa, kamar mai taɓa ruwan wanka ya ji ko ya yi zafi. Ta sake bugawa sau ɗaya, da ƙarfi. Ya ce ga rami can, ya taka birki. Ba wani rami. Da hanya ta miƙe fetal ba kowa, ya ce akwai mai keke da zai iya fitowa daga lungu, shi a shekara talatin da ɗaya bai taɓa buge ko kaza ba, ba yau zai fara ba. Gumi na bin wuyansa yana shiga farar riga. Auta kuwa kanta a sunkuye yake tun da suka tashi har suka dawo. Shi ya ɗauka kunyar rashin gudunsa take ji, ko addu'a take yi.

Malam Shiru ya sauko ya kaɗe wandonsa. Bai kalli motar ba, takalmin Babban Direba ya tsaya yana kallo, har abin ya fara yin yawa. Sannan ya ce bai ji abin kirki ba, motar ba ta kai inda za ta yi magana ba, amma bari ya kwance noti ya ga man. Ya juya zai ɗauko sifana.

Nan Babban Direba ya tashi da borin kunya. Ya ce shi da kansa ya duba man yau da asuba, cike yake fal. Ya ce ya san halin makanikai, in suka buɗe abu lafiyayye sai sun samo masa ciwo. Akwai direbobi uku a kan benci suna jiran nasu gyaran, ya ɗaga murya don su ji. Sannan ya juyo kan ƙanwarsa, ya taɓa inda ya san yana mata ciwo.

“Auta, ni na goya ki. Yau ni za ki tsayar a gaban mutane wani ya duba aikina? In ba ki yarda da ni ba ki faɗa, ga makullinki.”

Ya miƙo hannu, amma yatsun ba su buɗe ba. Auta ta daɗe tana kallon hannun. Ta ce Allah ya ba shi haƙuri, ba haka take nufi ba. Ta ce wa Malam Shiru a bari sai wani lokaci.

Malam Shiru ya mayar da sifana cikin akwati. “Yau in na buɗe, mai zan canza. Nan da wata guda, haƙora.” Bai ƙara ba, ya koma ƙarƙashin motar da ya baro.

Kada a ce Babban Direba bai yi niyyar gyara ɓarnarsa ba. Ya yi, har ya kama hanya. Wata rana da Auta ba ta biyo shi ba ya tsallaka wancan gefen gari don a zubar da ja a mayar da mai wari, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Yana shiga gidan man, mai juye ya ɗago daga kan bencinsa, ya gane motar, ya karkata kai yana saurare, ya yi wani ɗan murmushi. Shi ke nan. Babban Direba ya wuce shi kamar bai gan shi ba, ya tsaya a bakin famfo ya sha fetur ɗin da ba ya buƙata, ya fita. Masu juye sun fi goma a garin, amma kowannensu zai ga jan mai na fita daga aksul, kowannensu zai ɗago ya kalle shi. Motar marayu a gefe guda, kallon mai tsumma a gefe guda, ya auna ya ga kallon ya fi nauyi. Kafin ya isa gida har ya shawo kan kansa cewa motar ce ba ta saba da mai na manya ba, za ta saba.

Kukan ya tashi daga sauro ya koma gunji. Rediyo ya daina rufe shi. Mutane a bakin hanya suna juyowa kafin motar ta iso. Auta ta daina tambaya, in sun hau hanya sai ta dafe ƙofa ta zuba wa gilashi ido.

Mako na biyar da maganar Malam Shiru, da safe, kaya cike har sama, suka kama hawan da ke bayan gada. Ya taka totur don dole, hawa ba ya karɓar shafa. Gunjin ya yi sama, ya koma gaf-gaf-gaf, sai wata ƙara kamar an saki guduma a cikin tukunya. Bayan motar ya yi tsalle, tayoyi suka ja ƙasa, ta tsaya cak a karkace. Ba wanda ya ji rauni. Daga baya dai suka ji kiret na bin kiret, sannan suka ga ruwan ƙwai na bi ta ƙasan ƙofar baya yana gangarawa kan kwalta, rawaya, har bakin gada. Auta ta fito ta tsaya tana kallo, hannu a ƙirji. Babban Direba ya zagaya ta ɗaya gefen don kada ya taka.

Da igiya aka ja ta zuwa rumfar kwano. Benci cike yake, har da biyu daga cikin direbobin ran nan. Malam Shiru bai tambayi kowa komai ba. Ya tura daro ƙarƙashi, ya kwanta, ya kwance noti. Abin da ya fito ba ya ko ɗaukar lokaci wajen zuba, tsararo ne kamar ruwan wanki, ja-ja baƙi-baƙi, yana walƙiya da garin ƙarfe. Mayen ƙarfen da ke kan notin ya yi gashi buzu-buzu. Can sai wani abu ya faɗo cikin daron, ƙwal, guntun haƙori kamar ƙwayar wake. Malam Shiru ya tsoma yatsa ya kai hanci, ya murza, ya fito ya ajiye daron a gaban Auta. Wani daga kan benci ya leƙo ya ce, a'a, wannan ai man giyar motar manya ne, wane gwanin ne ya ɗura shi a aksul? Ba wanda bai juyo ya kalli farar riga ba.

Babban Direba ya buɗe baki. Ya fara da cewa masu juye na yanzu macuta ne, sai ya tuna bai taɓa gaya wa kowa ya je wajen mai juye ba. Ya yi wuƙi-wuƙi, ya koma kan cewa motar dama ta tsufa. Auta ba ta ko dube shi ba. Sai ta tambayi Malam Shiru, ran nan da suka zo, da an buɗe fa? Ya ce da ya wanke ya zuba casa'in. Kukan ba zai tafi duka ba, abin da ya cinye ya cinye, amma da ta yi shekaru tana kai ƙwai.

Sai a lokacin ta juyo. Muryarta ba ta tashi ba, har na kan benci sai da suka yi tsit don su ji.

“Yaya, ran nan ƙafarka nake kallo. Tun daga nan har muka dawo. Na gani, na yi shiru, don kai ne babba. Wannan laifina ne, ba zan sake ba.” Ta miƙa hannu. “Ba ni makullin.”

Ya jira ta ce wasa take, ko ta ce su je gida su yi magana. Hannun na nan a miƙe. Makullin kuma ya shige zoben ofis ya zauna daram, sai da ya sa farce yana ɓanɓarawa, zoben na kuɓucewa, ya sake kamawa, mutum takwas suna kallo. Da makullin ya fita ya ɗora mata a tafin hannu, abin yanke farce kaɗai ya rage yana lilo.

Mako biyu motar ta yi a kan duwatsu. Gidajen burodi biyu suka koma wajen wani, har yau ba su dawo ba. Auta ta sayar da rabin kajinta aka sayo aksul na hannu, Malam Shiru ya ɗaura, ya cika shi da casa'in har ya tsiyayo ta bakin noti. Ba ta ɗauki sabon direba ba. Mace mai shekara arba'in da shida, ta shiga filin bayan injin katako kullum da la'asar, tana kashe mota tana tayarwa, har ta iya. Kwana tara kuloci ya ɗauke ta, kuma ba ta taɓa cewa ba shi da tarbiyya ba.

Matar Babban Direba ce ta je ta roƙa, ta ce don Allah a fitar mata da shi daga tsakar gida ko da dako ne. Auta ta ce dama tana neman wanda zai riƙa dafe kiret a inda hanya ta lalace. Kujerar gaba ta fasassun ƙwai ce da ake ware wa masu burodi, ba ta da wuri. Saboda haka kowace safiya za ka gan shi a baya, zaune a kan tsohuwar taya, daidai saman aksul, cikin farar riga, in ƙarfe ya ɗau zafi warin na tasowa ta ƙarƙashinsa. Ka ce ya yi laushi? Ina! A bakin kanti cewa yake shi ya zaɓi baya da kansa, don yanzu ba masu kunne, dole wani ya zauna ya saurari aksul. Su kuma ba su bar shi ba, da ya iso sai su matsa masa wuri su ce Babban Direba, yau me aksul ya ce? Ya gyara zama ya ba su amsa, tiryan-tiryan, ko kunya.

In sun doshi wurin ramuka, Auta ba ta juyowa, ba ta kiran sunansa. Bayan hannu take sawa ta ƙwanƙwasa gilashin baya sau ɗaya. Shi kuma ya miƙe a kan gwiwa ya rungume kiret.